Ɗumamen tuwo da shinkafar da ta kwana: yaya kuke yi daɗin ya dawo?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Don Allah a koya min ɗumame. Mu biyu ne a gida, duk yadda na auna sai tuwo ya yi saura, kuma da tsadar nan da ake ciki ba abin zubarwa ba ne. Maigidan mutum ne mai son karyawa da ɗumame. To tuwon shinkafa in na ɗora, sai bayansa ya narke ya jagwalgwale, cikinsa kuma da sauran sanyi. Dafa-duka ita kuma bushewa take yi ta kama gindin tukunya. Yaya kuke yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wuta kike cikawa, kuma na san malmalar guda kike jefawa. Ki yanka ta gida huɗu. Ruwa ɗan kaɗan za ki zuba a tukunya, wanda ba zai kai rabin tuwon ba, ki bari ya tafasa tukuna sannan ki jera tuwon, ki rufe ruf, ki rage wuta. Tururi ne zai yi miki aikin. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Kafin ki sauke ki fasa yanka ɗaya, in tururi na fita daga tsakiyarsa to ya yi. Miyar kuma ki tafasa ta daban.

Hajiya Iya (Zariya):
'Yata, abin da Maman Biyu ta faɗa turara tuwo ne, yana da kyau, amma ba shi ne ɗumamen da muka tashi muka tarar ba. Ɗumame a cikin miya ake yin sa. Da asuba ki ɗora ragowar miyar kuka, ki ƙara mata ruwan zafi tunda ta yi kauri cikin dare, ki ɗan ƙara daddawa. In ta tafasa sai ki gutsuttsura tuwon a ciki, ki rufe, ki janye itace ki bar garwashi. Ba a sa ludayi a juya, tukunyar ake ɗan girgizawa. Miya ta ratsa shi har ciki, gefe-gefe ya ɗan kama. Ki sauke ki zuba man shanun da aka soya da albasa, ki barbaɗa yaji. Wanda ya karya da wannan ba ya neman komai sai azahar. Amma fa da tuwon dawa ko na masara ake haka. Na shinkafa ba shi da ƙarfin jiki, shi ya sa naki yake narkewa.

Maman Biyu:
Iya, Allah ya ƙara girma, ni ma da irin naki aka raine ni. Abin da ya sa nake rabawa, miya ta fi tuwo saurin lalacewa. In kin haɗa su tun farko alhali miyar ta juya, kin yi asarar biyun. In daban take, kina buɗewa za ki ga ko ta yi kumfa ko ta canza wari, ki zubar da ita, ki kaɗa sabuwar kuka cikin 'yan mintuna, tuwonki yana nan.

Hajiya Iya (Zariya):
Miyar da aka tafasa kafin a kwanta, aka rufe ba a sake sa mata cokali ba, ba ta juyawa. Mai lalata miya shi ne yaron da zai zo da dare ya tsoma cokalin da ya lasa.

Ummu Sadik:
Iya ta gama magana a kan tuwon dawa. Bari in ɗan ƙara da abin da muka karanta a fannin sarrafa abinci, don in amarya ta gane dalilin, ba sai ta tambayi kowane abinci ɗaya bayan ɗaya ba.

Duk abincin da aka yi da hatsi, sitaci ne ginshiƙinsa. Lokacin dahuwa sitacin yana shan ruwa ya kumbura, shi ne laushin da muke ji a sabon tuwo. Da ya fara hucewa sai ya riƙa komawa yana matsewa, yana turo ruwan da ya sha waje. Kun ga gumin nan da ake samu a jikin ledar tuwo da safe, tuwon kuma ya yi tauri yana farfashewa? To shi ne. Sanyin firiji ma ƙara hanzarta wannan yake yi, shi ya sa shinkafar firiji take fitowa tsinke-tsinke. Abin da ke warware shi zafi ne tare da danshi. In kika ba shi zafi babu danshi, ƙara bushewa zai yi ya kama tukunya, wato abin da ke samun dafa-dukarki. In kika nutsa shi a ruwa mai yawa da wuta mai ƙarfi, baya ya sha ruwa ya narke kafin zafi ya isa ciki, wato abin da ke samun tuwonki. Don haka tuwo, dambu, alale, shinkafa, duk turarawa suke so. Wadda take da madambaci ta huta, ta shimfiɗa su a ciki kawai.

Kayan suya kuma akasin haka ne. Ƙosai, waina, fanke, soyayyen dankali, soyayyiyar kaza, su damuwarsu danshin ciki ne ya fito ya jiƙa ɓawon. In kika rufe su kika turara, kin ƙara kashe su. Busasshen zafi suke so, a kasko, a buɗe.

Hajiya Mai Abinci:
Wannan gaskiya ne. Waina a tandarta ake mayar da ita, ki ɗan shafa mai, wuta kaɗan, ki juya sau ɗaya. Wani ba zai gane ta jiya ba ce. Ƙosai ko man ma ba ya so, wanda ke jikinsa ya ishe shi.

Dafa-duka kuwa amarya, ga yadda muke yi. Ki sa mai cokali ɗaya a tukunya, ki yanka albasa ki soya ta yi laushi, ƙamshin da ya gudu cikin dare ita za ta dawo da shi. Ki warware shinkafar da cokali tun kafin ki zuba, kada ki bar dunƙule. Ki yayyafa ruwa da hannu, kamar cokali 2 ko 3 ga kowane faranti, ki juya, ki rufe da murfin da ba ya fitar da tururi. In murfin ba ya kamawa ki sa tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa. Wuta can ƙasa. Bayan minti 5 ki buɗe ki juya daga ƙasa ki sake rufewa. Kada ki ƙara gishiri ko magi sai kin ɗanɗana, domin abincin da ya kwana gishirinsa ya fi fitowa. Farar shinkafa kuma in ta yi saura, ni ba na ma ɗumama ta a matsayin fara, soya ta nake da ƙwai da attaruhu da albasa. Shinkafar da ta huce ta fi sabuwa kyau a suya, ba ta caɓewa.

Amaryar Bana:
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. To ɗanwake fa, da taliya?

Hajiya Mai Abinci:
Ɗanwake ki jefa a tafasasshen ruwa ya yi minti 2 ko 3 ki tsame, amma wanda ba a sa wa mai da yaji ba. Taliya ma haka. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake cewa kowa ya ɗibi iya cinsa ya haɗa a farantinsa, kada a haɗe tukunya duka.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, an yi maganar daɗi sosai, amma babu wadda ta tambayi amarya a ina abincin yake kwana. Ƙanwata, dafa-dukar nan a firiji take kwana ko a kan murhu?

Amaryar Bana:
In akwai wuta a firiji, Anti. In babu, a kula nake barin ta ko a tukunyarta.

Anti Nas:
To nan nake so mu tsaya. Shinkafa ba kamar sauran abinci ba ce. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, a ƙasa take rayuwa, kuma tun daga gona take biyo shinkafa. Tana da wani irin ƙwanso da take ɓuya a ciki wanda dahuwa ba ta kashe shi. In shinkafa ta dahu aka bar ta tana hucewa a hankali, sai ƙwayar ta farka ta yi ta hayayyafa, tana zuba guba a cikin abincin. Gubar nan ita ce matsalar, domin wuta ba ta lalata ta. Ki tafasa, ki soya, tana nan. Ba ta da wari, ba lallai shinkafar ta yi yauƙi ba. Mutum zai ci, tsakanin awa 1 zuwa 5 amai ya taso masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan biyu shi ne inda ƙwayoyin cuta suke samun yadda suke so. Hukumomin abinci na Amurka ma cewa suka yi in zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne kawai. Ku tuna mu nan a watan Afrilu har 40 muke gani. Kula kuwa tana riƙe zafi na wasu awanni, amma daga isha zuwa safiya ta sauko ta koma ɗumi-ɗumi, kuma a rufe, da danshi. Babu wurin da ya fi wannan daɗi ga ƙwayar nan.

Hajiya Iya (Zariya):
'Yata Nas, ina jin maganarki, amma ki bar ni in faɗi tawa. Kakanninmu ba su san firiji ba. A akushi tuwo yake kwana, a ci da safe a tafi gona, su kai shekara 90 da ƙarfinsu. Yanzu kuma a ce mana ɗumame guba ne? In muka bi wannan lissafin na awa 2, talaka ya zubar da abincin darensa ke nan kullum. Wa yake da wutar da zai riƙe firiji dare da rana? Kuma Allah ya hana mu ɓarna, ku ci ku sha kada ku yi almubazzaranci. Kada a tsorata yara su riƙa zubar da abinci.

Anti Nas:
Iya, Allah ya huci zuciyarki, ban ce ɗumame guba ne ba, ni ma ina ci. Amma ki duba abin da ke kwana a akushin nan: tuwon dawa ne ko na gero, shi kaɗai, babu nama a jikinsa babu mai, miya tana tukunyarta an tafasa ta. Ki kwatanta da dafa-dukar yanzu da aka zuba wa kaza da hanta da karas da koren wake, wani lokaci har a ɗora mata kabeji da bama a kai. Ba abu ɗaya ba ne. Sannan babba mai ƙarfi zai yi amai sau biyu ya warware, ya ce shawara ce ko sanyi. Wanda muke gani a gadon asibiti shi ne yaro ɗan shekara 2 da ruwan jikinsa ya ƙare, da tsoho, da mai ciki. Saboda su nake magana.

'Yar Maraɗi:
Ina gaida iyaye. Ni ina ganin dukansu biyu suna da gaskiya. Nan wajenmu tuwon hatsi yana kwana lafiya, kuma da yawa suna sa ruwan tsamiya a talge, tuwon ya ɗan yi tsami. Irin wannan ko da zafi ba ya saurin lalacewa. Amma ko tsofaffinmu, lokacin bazara ba su yarda da miyar gyaɗa ko wake da suka kwana. Cikin hunturu ne ake sakin jiki, don ɗaki kansa ya yi sanyi. Ke nan su ma suna da lissafinsu, ba komai suke bari ya kwana ba.

Ummu Sadik:
Madalla da wannan. Tsami yana danne yawancin ƙwayoyin cutar, shi ya sa tuwon da aka sa wa tsamiya ya fi jurewa, kuma shi ya sa miyar tumatir da aka soya ruwanta ya ƙone ta fi taushe da agushi da miyar gyaɗa daɗewa. Maganar Iya ta tafasa miya da dare a rufe, ita ma tana kan hanya: tafasar ta kashe ƙwayoyin da ke raye, murfin ya hana sababbi shiga. Maganar cokali ma haka, akwai ƙwayar da ke zaune a hannu da hancin mutum lafiyayye, in ta shiga abinci ita ma gubarta ba ta jin wuta. Inda dabarar take gazawa shi ne masu ƙwanson nan da Anti ta faɗa, su tafasa ba ta gamawa da su. A babbar tukunyar nama ko wake da za ta kwana tana hucewa a hankali, suna samun awanni masu yawa. Don haka dabarar iyaye tana rage haɗari sosai, ba ta kawar da shi duka, kuma a kan shinkafa ce ta fi rauni.

Hajiya Iya (Zariya):
To shinkafa ku kuka san ta. Mu da can sai Sallah ko biki ake ganin ta, kuma ba ta saura. A kan tuwo dai ina nan a kan bakana.

Anti Nas:
A kan tuwon dawa ba za mu yi jayayya ba Iya, in dai da safe an ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Roƙona ɗaya, a rufe shi da murfi mai nauyi, ba faifai ba. Ɓera yana yawo da dare, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ne hanyar zazzaɓin Lassa, wanda tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na jihar Borno, kuma har yau duk rani sai ya ɗauki rayuka.

Ɗalibi Daga Samaru:
Iyayena barkanku. Ni a ɗakin makaranta nake, babu firiji, risho kawai gare ni. Nakan dafa shinkafa da wake da yamma mai yawa don in ci da safe kafin lacca, saboda kananzir. Yanzu me kuke ba ni shawara?

Maman Biyu:
Ɗana, ka juya tsarin. Shinkafar ka dafa iya ta dare. Abin da za ka yi mai yawa shi ne miyar tumatir, ka soya ta sosai har mai ya taso, ka tafasa ta dare da safe. Da safe taliya ko 'yar shinkafa kofi ɗaya ba za ta ci maka kananzir mai yawa ba. Wake shi ya fi komai saurin yin yami a zafin nan. In ya zama dole ka ci shi da safe, jiƙa shi da dare ka dafa da asuba, jiƙaƙƙen wake ba ya daɗewa a wuta.

Ɗalibi Daga Samaru:
Na gode Mama. Zan gwada na jiƙawar.

Maman Abdul (Ingila):
Ina ta bin muhawarar. Nan hukumar lafiyarsu, NHS, shawarar da take bayarwa a kan shinkafa ita ce a sanyaya ta cikin awa 1, kada ta wuce kwana 1 a firiji, kuma kada a ɗumama ta fiye da sau ɗaya. Ƙasar sanyi ke nan fa.

Ga masu maikirowef, tuwon semo yana dawowa lafiya lau in kin san yadda za ki yi. Ki cire shi daga leda, ki yanka, ki sa a kwanon tangaran ko gilashi, ki yayyafa ruwa, ki rufe da faranti. Ki ba shi minti 1 da rabi, ki juya yankan, ki sake ba shi. Na'urar nan ba ta ɗumama abinci daidai, wani gefe ya ƙona baki wani gefe da sanyi, shi ya sa tsayawa a juya ya zama dole, sannan a bar shi a rufe minti 1 bayan ta tsaya don zafin ya bazu. Waina da ƙosai kada ki kai su can, za su yi laushi su yi danƙo.

Amaryar Bana:
Anti Maman Abdul, me ya sa za a cire ledar? Mu nan da ledar ake jefa malmala a ruwan zafi.

Maman Abdul (Ingila):
Farar ledar ƙulli ba don wuta aka yi ta ba. Tana laushi, wani lokaci ta manne da gindin tukunya, kuma ɗanɗanonta yana shiga tuwo. Tunda ba mu da tabbacin da me aka haɗa ta, cirewa ba ya cin komai. Robar take-away ma haka, in ba a rubuta a jikinta cewa tana shiga maikirowef ba, a juye a kwano.

Hajiya Mai Abinci:
Ledar tana da amfaninta, tana hana tuwo yin ɓawo. Amma a wajen ɗumame ni ma cirewa nake, don tururi bai isa jikin tuwon in yana cikinta.

Bari in faɗi wani abu da mu masu sana'a muka sani. Daɗin abincin gobe tun daren yau ake gyara shi. Tsire ko balangu in maigida ya shigo da shi ya yi saura, abu na farko ki tsince ɗanyar albasa da tumatir da kabejin da ke ciki ki zubar, su ne ke sakin ruwa su sa nama ya yi wari. Ki cire shi daga takardar. Da safe kasko, ɗan mai, wuta mai ɗan ƙarfi, ki yanka sabuwar albasa, sabon yaji. Miyar ganye, in kin san za ta kai gobe, ki raba tun kafin ki zuba alayyahu, gobe ki zuba sabo, don ganyen da aka tafasa sau biyu baƙi yake yi ya mutu. Kuɓewa ɗanya ma duk tafasa yauƙinta raguwa yake, ita wuta kaɗan take so kuma ba a rufe ta. Busasshiya da kuka su ne masu haƙuri. Kifi a miya ki tsame shi gefe, sai miyar ta tafasa ki mayar ya ɗauki zafi, in ba haka ba ya dagargaje ƙaya ta bazu.

Kuma abin da ya fi ɓata abinci shi ne a ɗora tukunya duka da safe, a ɗiba, a sake ɗora ta da rana, a sake da dare. Nama ya zama zare, miya ta yi gishiri, mai ya canza wari. Ki ɗebi wanda za a ci a ƙaramar tukunya, sauran ya zauna a sanyinsa.

Maman Biyu:
Ni tambayata ga Anti Nas. An ce ba a sa abinci mai zafi a firiji, yana lalacewa ya kuma lalata firijin. To in na jira babbar tukunya ta huce, ai awa 2 ɗin ta wuce.

Anti Nas:
Jiran ne haɗarin, Yaya. Kada ki bar shi a babbar tukunya. Ki rarraba a ƙananan robobi masu faɗi, shinkafa ki baza ta a tire. Ko ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi kina juyawa. Cikin minti 20 zuwa 30 tururin ya tafi, ki rufe ki sa. Da ɗuminsa ma ba laifi. Miya da nama suna yin kwana 3 zuwa 4 a firijin da ke aiki ba yankewa, shinkafa kuwa a cinye ta washegari.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda ita ce tamu. Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyin da ake buƙata kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabin kaya awa 24. Wannan lissafin hukumomin Amurka ne, a zafinmu gara ki rage. Don haka wadda wutar unguwarsu ba ta tsayawa, firiza ce abokiyarta, ba ɓangaren firijin da ba ya daskarewa ba. Ki daskarar da robobin ruwa ki cike gurbin da babu kaya, ki hana yara buɗe-buɗe. Abincin da ya kwana a firijin da babu wuta tun magariba, ki ɗauke shi a matsayin wanda ya kwana a waje.

Ummu Sadik:
Kuma wanda ya daskare, a narkar da shi a wuta kai tsaye ko a cikin firiji, ba a ajiye shi a rana tun safe ba. Wajen ɗumamawa kuma ba ɗumi ake nema ba, zafi ake nema, digiri 70 zuwa sama har tsakiya. Tunda ba mu da ma'auni a kicin, miya ta tafasa tana ɓulɓula, shinkafa ko'ina kika tona tururi ya fito.

'Yar Maraɗi:
Akwai wanda ba a taɓo ba, abincin biki. Shinkafar da aka dafa tun hantsi aka zuba a manyan kuloli, sai bayan la'asar a raba, ki zo da ita gida bayan magariba. Mutane suna sa ta a firiji su ce gobe yara su karya.

Anti Nas:
Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, don ta riga ta cinye awanninta tun kafin ta iso hannunki. A ci a daren, ko a bayar a daren ga wanda zai ci nan take. Kuma don Allah abin da ba za mu ba 'ya'yanmu ba, kada mu miƙa wa almajiri da safe mu ce sadaka ce, shi ma ciki gare shi kuma babu mai kai shi asibiti. In tsautsayi ya faɗa yaro ya fara amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tun a gida. In babu na sacet, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko an ga jini, a tafi asibiti ba jira.

Hajiya Iya (Zariya):
Maganar almajiri kin faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Mu a gidanmu da zafinsa ake zuba musu, lokacin da ake zuba wa kowa. Kuma ku 'yan yanzu kada ku manta da ƙanzo. Tuwon da kika ga ba za a ci ba, da na gindin tukunya, ki fasa shi ƙanana ki shanya a rana mai ƙarfi a kan tire, ki rufa masa abin da zai hana ƙuda, ya bushe ƙarau. Yana yin watanni. Ran da kike so ki jiƙa, ki turara, ki yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ba wuta ba firiji.

Maman Abdul (Ingila):
Iya kin tuna min gida. Nan babu ranar da za ta busar da shi.

Ɗalibi Daga Samaru:
To Anti, azumi fa? Abincin buɗa-baki da ake ajiyewa a kula har sahur, shi ma ya shiga wannan lissafin?

Anti Nas:
Ya shiga, ƙanena. Daga magariba zuwa sahur kusan awa 10 ne. In tuwo ne, a ware na sahur tun lokacin kwashewa kafin hannu ya taɓa shi, miyar a tafasa bayan tarawihi a rufe, da sahur a sake tafasa ta, tuwon a turara shi ya yi zafi har ciki, kada a ci shi da ɗumin kula. In shinkafa ce kuma babu firiji, a dafa ta da sahur ɗin. A wanke ta a tsane tun dare, a yi miyar a ajiye, minti 25 ta nuna.